Babi na Huɗu: “Likita, Wasa Kawai Za Ku Yi da Shi?”

Uwa ta goyo yaro tun da sassafe, ta biya kuɗin mota, ta yanki kati, ta bi layi. Da aka kira su, ba ta ga allura ba, ba ta ga kwalbar magani ba. Tabarma aka shimfiɗa, aka zubo murafan kwalba da ’yar tsana da ƙwallo, ma’aikaciyar ta tuɓe takalmi ta zauna dirshan tana gara wa yaron mota. Aka daɗe ana haka, sannan aka ce ta dawo mako mai zuwa. Ko ba ta buɗe baki ba, tambayar tana nan a fuskarta: wasa kawai za ku yi da shi? In wasa ne ai akwai shi a gida, kuma kyauta.

Rabin maganarta gaskiya ne. Akwai wasa a gida. Sai dai ɗanta ba ya ciki. Tsararrakinsa suna ƙofar gida suna gara taya, shi yana kwance a ɗaki yana kallon rufi. Ko kuwa yana cikinsu amma bai san yadda ake shiga wasan ba, sai ya fizge, ya fasa, a kore shi. Wannan giɓin shi ne aikin ma’aikaciyar da ta zauna a tabarma.

Wane irin likita ne wannan?

A asibiti za ka ji ana kiran sashensu OT. A wannan littafi muna ce musu likitocin ayyukan yau da kullum, ko likitocin ayyuka a taƙaice, duk da cewa ba sa rubuta magani kuma ba sa fiɗa. An kafa ƙungiyarsu ta farko a 1917 a wani ƙaramin gari mai suna Clifton Springs a jihar Niyok ta Amurka. Cikin mutum shida da suka kafa ta akwai likitan ƙwaƙwalwa William Rush Dunton, da Eleanor Clarke Slagle, da wani mai zanen gine-gine, George Barton, wanda tarin fuka ya kwantar, ya kuma ga da idonsa yadda aikin hannu ya taimaka masa ya miƙe. Ra’ayinsu shi ne abin da mutum yake yi da hannunsa da lokacinsa kullum shi ne ma’aunin lafiyarsa, kuma ta nan ake bi a dawo masa da ita.

Ga babba, wannan yana nufin noma, girki, ɗinki, alwala, hawa babur. Ga yaro kuwa cin abinci ne, sa riga, zuwa bayi, makaranta, sai kuma abin da ya fi cin lokacinsa duka, wato wasa. An daɗe kafin masu wannan sana’a su ɗauki wasa da nauyinsa. Mary Reilly ta Jami’ar Kudancin Kalifoniya ce ta dage a kai, ta fitar da littafi a 1974 da ke nuna cewa ta wasa yaro ke bincikar duniya, ya ƙware, ya shirya wa aikin girma.

Mutane kan haɗa su da likitocin gashi. Tare suke aiki, amma tambayarsu ta bambanta. Likitan gashi ya fi damuwa da ko gwiwa tana lanƙwasuwa, ko wuya ya tsaya, ko ƙafa ta ɗauki jiki. Likitan ayyuka yana tambayar me yaron zai yi da gwiwar da wuyan idan ya koma gida. A Najeriya hukumar da aka kafa a 1988 don masu aikin farfaɗo da majinyata ita ke yi wa ɓangarorin biyu rajista, akwai kuma makarantar tarayya ta horar da likitocin ayyuka a Oshodi, Legas. Ba su da yawa, kuma galibinsu suna manyan asibitocin birane.

Abin da ke cikin carafke

Hanya mafi sauƙi ta gane idon likitan ayyuka ita ce a ɗauki wasa guda a warware shi. Ɗauki carafke. ’Yan mata sun zauna a ƙasa, an watsa tsakuwoyi, ɗaya ta cilla guda sama, ta kwashi na ƙasa, ta cafe ta saman kafin ta faɗi. Wanda ya wuce zai ce zaman banza ne.

Kafin tsakuwa ta bar hannu, dole yarinyar ta iya zama ba tare da ta dafa ƙasa ba. In bayanta da cikinta ba su riƙe ta ba, hannun da za ta yi wasa da shi ya tafi wajen tallafe jiki. Dole ta auna ƙarfin cillawa, kada tsakuwar ta wuce kanta, kada ta yi ƙasa har lokaci ya ƙure. Idonta zai bi ta sama, amma hannunta yana ƙasa yana aiki a inda ido ba ya kallo, yana dogaro da saƙon da gaɓoɓi da fata ke aika wa ƙwaƙwalwa. Za ta tsinci tsakuwa da babban yatsa da manuni, ta tura ta cikin tafin hannu, ta danne da ƙananan yatsu, ta bar sauran a sake don tsintar wata. Wannan rabon aiki tsakanin yatsun hannu guda shi ne abin da ake buƙata wajen riƙe fensir, ɓalle maɓalli da ƙirga canji. Duk wannan cikin ƙiftawar ido.

Ba a nan ya tsaya ba. Tana ƙirga: ɗaiɗai, bibbiyu, uku-uku. Tana tuna matakin da ta tsaya. Idan ta faɗi, dole ta miƙa tsakuwoyin ga ta gaba, ta zauna ta jira, ta haɗiye haushi. Idan wata ta yi maguɗi, sai an yi gardama an sasanta ba tare da wasan ya watse ba. Yarinyar da ba ta iya carafke ba za ta iya maƙalewa a kowanne daga waɗannan wurare, kuma gyaran kowanne daban ne. Wadda ba ta iya zama ba, kujera take buƙata. Wadda idonta ba ya bin tsakuwa, a fara mata da balan-balan, mai saukowa a hankali. Wadda ke kifar da wasa in an cinye ta, ba a hannunta matsalar take ba sam.

Haka ake warware langa, da ’yar gala-gala, da tuwon ƙasa, da ƙera motar kara. Da wannan idon likitan ayyuka ke kallon yaro, shi ya sa yake iya zama shiru minti goma yana kallo kawai, uwa tana ganin ba a fara komai ba.

Kowane wasa da lokacinsa

Jariri da jikinsa yake fara wasa: ya kalli hannunsa, ya kai baki, ya harba ƙafa. Daga nan ya kai hannu ga abu, ya girgiza, ya buga, ya jefar don a ɗauko masa ya sake jefarwa. Wajen wata tara zuwa shekara guda ya fara tsintar ƙaramin abu da yatsu biyu. Sai zuba da juyewa, ɗora gwangwani kan gwangwani, tura duk abin da ke turuwa.

Kada a riƙe waɗannan watanni kamar ranar biyan bashi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bi diddigin yara masu lafiya a Gana, Indiya, Norwe, Oman da Amurka, ta fitar da sakamakon a 2006. Wasu sun zauna da kansu tun suna kusan wata 4, wasu sai da suka kai wata 9. Tafiya kuwa daga wata 8 har kusan wata 18. Kimanin huɗu cikin ɗari ma ba su yi rarrafe da hannu da gwiwa ba, suka miƙe abinsu, duk da Bahaushe ya ce da rarrafe yaro kan tashi.

Wajen shekara ɗaya da rabi wani sabon abu ke ɓullowa. Yarinya ta ɗauki ludayi babu komai a ciki ta kai bakin ’yar tsana. Zuwa shekara biyu da uku kara ya zama doki, murfin kwano ya zama sitiyari. Zuwa huɗu da biyar an shirya bikin ’yar tsana sukutum, da kayan ɗaki na gwangwani, da uwar amarya, da masu guɗa, kowa da matsayinsa. A 1932 Mildred Parten ta kalli yaran wata makarantar raino a Minesota ta bayyana yadda suke tashi daga wasa su kaɗai, zuwa kallon wasu, zuwa wasa gefe da gefe kowa da abinsa, har su kai ga haɗa kai a kan wasa ɗaya. A gidan yawa, inda yaro ke bayan yayarsa tana tsakiyar gaɗa tun bai iya zama ba, matakan sukan cakuɗe, amma jerin yana da amfani wajen gane inda yaro ya tsaya.

Ina wasan ya maƙale?

Abin da ke hana wasa zai iya zama a jikin yaron. Raunin ƙwaƙwalwa da ke sanƙarar da gaɓoɓi yana gaba a cikin abin da ke kai yara wannan sashe, kuma a ƙasashenmu yakan biyo doguwar naƙuda da jariri bai yi kuka da wuri ba, ko shawara mai tsanani a kwanakin farko, ko sanƙarau, ko zazzaɓin cizon sauro da ya taɓa ƙwaƙwalwa. Akwai otizim, akwai raunin gani ko ji, akwai jinkirin fahimta, akwai tamowa.

Zai iya zama a cikin wasan: ƙwallon ya yi ƙanƙanta, dokar ta yi yawa, gudun ya fi ƙarfinsa. Zai kuma iya zama a wurin da mutanen da ke kewaye da shi: dakalin da keken guragu ba ya hawa, yaran da ke tsokana, ko uwar da tsoron faɗuwa ya sa ta hana shi sauka daga gado. A ganina wannan na ƙarshen ne aka fi mantawa, kuma sau da yawa shi ya fi sauƙin gyara. Yaro bai canza ba, amma an mayar da wasan ƙasa inda zai iya kaiwa, sai ga shi a ciki.

Daidai ƙarfinsa

A ɗauka ga yarinya ’yar shekara huɗu, hannunta na dama a dunƙule, ta saba yin komai da hagu har ta zama kamar ta manta da ɗayan. Ƙwaƙwalwa da maimaici take koyo, maimaici mai yawan gaske. Ka ce wa ’yar shekara huɗu ta buɗe hannu ta rufe sau ɗari, a na biyar za ta fashe da kuka. Amma ba ta ƙaramin turmi da taɓarya mai kauri, ka ce yau ita ce mai dakan biki: hannu ɗaya bai isa ba, dole na daman ya zo ya riƙe. Ba ta ƙwarya ta riƙe tana dama furar ƙasa. Sa ta cikin tafin gaɗa. Za ta yi sau ɗarin ba ta sani ba, gobe kuma ita za ta nema.

Wani lokaci akan sa wa hannu mai lafiya safa na wasu sa’o’i a rana, na ’yan makonni, don mai raunin ya samu fili, ana haɗawa da wasannin da zai iya cin nasara a kansu. Wannan ba abin da za a yi a gida da ka ba ne. Ɗaure hannun yaro babu tsari azaba ce kawai. A 2013 Iona Novak da abokan aikinta a Ostareliya suka tattara binciken da aka yi kan hanyoyin taimakon yara masu raunin ƙwaƙwalwa da ke sanƙarar da gaɓoɓi, suka tantance wanda ke aiki da wanda ba ya yi. Wannan hanya ta safa, da horon hannu biyu, da horon da aka gina kan takamaiman buri, da shirin da iyaye ke gudanarwa a gida, duk suna cikin waɗanda hujja ta tsaya musu.

Gwanintar tana wajen auna wahala. Malamin allo na kirki ba ya rubuta wa ƙolo abin da ya fi ƙarfin kansa, ba ya kuma barinsa yana nanata abin da ya riga ya haddace. In ya wanke sai a ƙara masa kaɗan. Haka likitan ayyuka ke yi da wasa. Yau murfin kwalbar a kwance yake, juyi ɗaya ya buɗe, ga alewa a ciki. Mako mai zuwa an ɗan ƙara ɗaure shi. Yau ƙwallon tsumma ne babba daga taku ɗaya. In ta cafe, sai a ja da baya. In ta gaza sau uku a jere, an yi mata nisa, sai a dawo kusa tun ba ta yi zuciya ba.

Yaron da ba ya iya zama kuwa, da wurin zama ake farawa. Akan jingina shi a kusurwar ɗaki da matasai, ko a sa shi cikin baho da tsumma a gefe, ko a yi masa kujera daidai jikinsa da ɗan tebur a gaba. A Zimbabwe aka fara wata fasaha ta yin irin waɗannan kujeru da kwali da tsohuwar takarda da ƙullun fulawa, ta kuma yaɗu zuwa ƙasashen Afirka da dama. Da zarar jiki ya samu madogara, hannu biyu sun samu ’yanci, ido kuma ya daina kallon rufi ya koma kallon mutane.

Akwai kuma yaran da ba su da wata sanƙarewa, hankalinsu garau, amma komai suka taɓa sai ya faɗi, tsallen igiya ya gagare su, a ƙwallo su ake zaɓa a ƙarshe. Kimanin biyar zuwa shida cikin ɗari na yara ’yan makaranta haka suke. A Kanada Helene Polatajko da abokan aikinta sun tsara wata hanya da yaron ke zaɓar abin da yake so ya iya, a koya masa ya tambayi kansa: me nake so, yaya zan yi, bari in yi, ya yiwu ko bai yiwu ba? Shi ke gano inda igiyar ke kama masa ƙafa.

Lilo, ƙasa da hayaniya

Wasu yara jikinsu lafiya lau, amma taɓa ƙasa kamar wuta ne a wurinsu. Tuwo ya maƙale a yatsa, ihu. Aski yaƙi ne. Ƙarar injin niƙa ta sa su toshe kunne su ruga. Wasu kuma akasin haka: ba sa gajiya da juyi, da hawa katanga, da karo da mutane. Jean Ayres, likitar ayyuka kuma masaniyar halayyar ɗan Adam a Kalifoniya, ta bayyana a littafinta na 1972 cewa ƙwaƙwalwar irin waɗannan yara tana wahala wajen tsara saƙonnin da ke shigo mata. Ta ja hankali ga ji guda biyu da ba a cika lissafawa ba: na daidaito, wanda ke can cikin kunne, da na gaɓoɓi, wanda ke gaya maka inda ƙafarka take ko idonka a rufe. Daga aikinta aka samu ɗakunan da ke cike da lilo, katifu, da kwanonin yashi.

A nan sai an yi hattara. Cewa akwai yara masu irin wannan wahala, babu musu. Amma ko lilo da buroshin goge fata suna gyara karatu da hali kamar yadda wasu cibiyoyi ke tallatawa, wannan masana ba su daidaita a kai ba. A 2012 ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta gargaɗi iyaye cewa hujjar ba ta cika ba. Shawarata ga duk wanda za a karɓi kuɗinsa ita ce ya tambaya: me ake so yaron ya iya, kuma zuwa yaushe za mu duba mu gani? “Ya zauna a yi masa aski ba a danne shi ba nan da wata biyu” buri ne da za a iya aunawa. “Muna daidaita masa ƙwaƙwalwa” kuwa ba shi da ranar ƙarewa.

Yaron da bai san “a ce” ba

“A ce ni ce uwa, ke ce ’ya.” “A ce nan kasuwa ce.” Yaron da ya iya faɗar haka ya gane cewa abu zai iya tsayawa a madadin wani abu. Wannan fahimtar ce ke ƙarƙashin magana, inda sauti ke wakiltar abu, da karatu, inda zane a kan allo ke wakiltar sauti. Yara da yawa masu otizim ko jinkirin magana a nan suke tsayawa. Ka ba shi mota, ya kifar da ita yana juya taya. Ka ba shi murafai, ya jera su layi, in ka taɓa ɗaya rigima ta tashi.

Karen Stagnitti, wata likitar ayyuka a Ostareliya, ta tsara hanyar koyar da irin wannan wasa daki-daki tun daga ƙarshen shekarun 1990. Ba a ƙwace masa motar. Akan zauna kusa da shi da wata motar, a yi abin da yake yi, har ya ɗago ya lura akwai mutum. Sannan a ƙara abu guda: motar ta tsaya, a ɗora mata tsakuwa, “fasinja ya hau”. A maimaita, da murya mai armashi, kwana da kwanaki. Ranar da ya ɗauki tsakuwa da kansa ya ɗora, an samu mataki. Daga aiki ɗaya a koma biyu a jere: fasinja ya hau, mota ta tafi. Daga nan mai ya ƙare. Daga nan a shigo da wani yaro ya zama mai sayar da man.

Wasan na waye?

Akwai tarko a cikin duk abin da na faɗa. Babba yana iya cika wasa da manufa har ya kashe shi. “Ɗauki ja. A’a, ja na ce. Sa a nan. Yawwa, saura shuɗi.” Kayan wasa ne a gabansa, amma jarrabawa ake yi masa, kuma yaro ya fi kowa saurin ganewa.

Anita Bundy, wata likitar ayyuka, ta tsara ma’aunin da ke duba ruhin wasa maimakon kayansa. Shin yaron yana yi ne don yana so? Yana jin ragamar tana hannunsa? Yana da ’yancin mayar da kwano hula? Yana iya ba da alamar “wasa nake” ya kuma karanci ta wasu? A wani bincike da ta jagoranta a makarantun firamare na Sidni, an zuba tsofaffin tayoyi da akwatuna da makamantansu a filin makaranta ba tare da an ce ga yadda za a yi da su ba, aka kuma zauna da malamai da iyaye a kan tsoron da suke yi na kada yaro ya ji ciwo. Motsin yaran ya ƙaru. Abin dariya, abin da sai da jami’a ta shirya bincike kafin a kai wa yaran Sidni, shi ne ke zube a kowane lungu na Kano da Maraɗi.

Don haka likitan ayyuka na ƙwarai ba ya ɗaukar wasa a matsayin zumar da ake lasa wa yaro don ya haɗiye magani kawai. Yana so yaron ya iya wasa don wasan kansa, ya fita ƙofar gida a kira sunansa a ce ya zo. In hannu ya warware amma har yanzu yana zaune shi kaɗai, da sauran aiki.

Abin da aka gani a Kingston

Mai shakka zai ce duk wannan daɗin baki ne. A 1986 da 1987, a unguwannin talakawa na Kingston, babban birnin Jamaika, Sally Grantham-McGregor da abokan aikinta suka ɗauki yara 129 ’yan wata 9 zuwa 24 waɗanda rashin abinci ya tsumburar. Wasu aka riƙa ba su madara, wasu aka riƙa kai musu ziyarar wasa ta awa ɗaya kowane mako har shekara biyu, wasu aka haɗa musu duka, wasu kuma kulawar asibiti kawai. Masu ziyarar ma’aikatan lafiya ne na unguwa, kayan wasan kuma na gida ne, da robobi da tsummoki. Aikinsu su nuna wa uwa yadda za ta yi wasa da hira da ɗanta.

Bayan kimanin shekara ashirin aka nemo su. A rahoton da ya fito a 2014, waɗanda aka yi wa ziyarar wasa suna samun kuɗin shiga da ya ɗara na waɗanda ba a yi wa ba da kusan kashi 25 cikin ɗari. Amfanin madarar kuwa bai daɗe haka ba. Yaran ba su da yawa, kuma Kingston ba Katsina ba ce, amma sakamakon ya isa a tsaya a duba. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta sa wasa da kulawa cikin matakai goma na jinyar yaro mai tamowa mai tsanani a asibiti, minti 15 zuwa 30 a rana da zarar ya fara farfaɗowa.

Wa zai yi wasan a gida?

Awa ɗaya a mako a asibiti ba ta kai ko’ina ba in sauran kwanakin yaron yana kwance. A nan ne shawarar da aka kwaso daga littattafan Turai kan yi tuntuɓe. Ana ce wa uwa ta zauna a ƙasa ta yi wasa da ɗanta. In ɗan fari ne, wadda ko sunansa ba ta faɗa, a gaban surukai, ga daka ga wanki, za ta ce to, ta koma gida ba ta yi ba. Ba ƙin ɗanta take ba.

Gidan Bahaushe yana da nasa masu wasan. Kaka, wadda tsokana tsakaninta da jika halas ce. Yayye da ’yar raino. Taubasai. Likitan da ya san gari zai ce, “Mama, wa ya fi zama da shi da rana? Ki zo mana da ita mako mai zuwa.” Yarinya ’yar shekara tara da aka nuna wa yadda za ta zaunar da ƙaninta, ta riƙe masa ƙugu, ta bar shi ya miƙa hannu da kansa maimakon ta miƙa masa, ta fi kowace na’ura amfani. Uwa kuma ba sai ta ware lokaci ba: tana tsintar wake ta ba shi ƙoƙo biyu da manyan murafai ya riƙa juyewa, tana wanka da shi tana kiran sunan gaɓoɓinsa. A kula dai, yaron da bai kai shekara uku ba, ko wanda har yanzu komai baki yake kaiwa, a nisanta shi da gyaɗa, duwatsun ado, tsakuwa da ƙananan batura.

Abu biyu ke cinye wasan irin waɗannan yara. Na farko ɓoyo. Ana jin kunyar baƙi su gani, ko ana tsoron bakin masu cewa ɗan ruwa ne, sai a bar shi a uwar ɗaka. A fito da tabarmarsa tsakar gida inda ake hada-hada, ko ba zai iya komai ba sai kallo, domin kallo ma matakin wasa ne. Na biyu waya. Tana sa yaro shiru, shi ya sa uwar da ta gaji ke miƙa ta. Amma ƙa’idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2019 ta ce kada a zaunar da yaron da bai kai shekara biyu ba gaban waya ko talabijin, daga biyu zuwa huɗu kuma kada ya wuce awa ɗaya a rana. Jaririn da bai fara rarrafe ba a riƙa kifa shi a kan cikinsa idonsa biyu, a ƙalla minti 30 a rarrabe cikin yini.

In yaro ya kai wata tara bai zauna ba, ko shekara ɗaya da rabi bai taka ba, ko tun bai shekara ba ya fifita hannu ɗaya ya bar ɗayan a dunƙule, ko ba ya waiwayowa in an kira sunansa, ba ya nuna abu da yatsa, ko ya daina abin da a da yake yi, kada a tsaya jiran ya girma ya daina. A kai shi asibiti, a kuma tambaya ko akwai sashen likitocin ayyuka ko na gashi.

Wata rana kuma yaron nan zai kai shekara biyar ko shida, a rataya masa allo da safe ko a ɗinka masa rigar makaranta. Can za a ce ya zauna wuri ɗaya, ya riƙe alƙalami, ya kwafi abin da ke gabansa, ya jira a kira shi. Me ya sa wani yaro mai kaifin baki rubutunsa ke gagara karantuwa? Ya kamata a tilasta wa bahago komawa dama? Me malami mai yara tamanin a aji zai iya yi wa guda ɗaya da ba ya zama? Waɗannan ne za mu duba a babi na biyar.